Fitilun Ba Lahsan da Rana Tsaka

Tun yana saurayi Ba Lahsan, wato Baba Lahsan, yake jan tasi tsakanin garuruwan Rashidiya da Risani, har gemunsa ya yi fari fat a kan hanyar. Tsohuwar marsandi ce da shi, mai cin mutum shida, kuma mata sun fi son motarsa saboda ba ya gudu, ba ya shan sigari.

A bazarar da aka yi zafin nan mai tsanani ya fara kunna fitilun mota da rana tsaka. Direbobin da ke tahowa sai su riƙa ƙyafta masa nasu, suna zaton mantuwa ya yi. A tasha kuwa, a rumfar mai shayi, tsiya ta samu wurin zama.

"Ba Lahsan, yau gawa ka ɗauko ko amarya?" in ji Mbarek, wani direba da bakinsa ba ya hutawa.

"Ƙyale shi," wani ya karɓe, "allurar matarsa Lalla Fadma ce ta faɗi a titi, ita ta aiko shi nema."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Sannan ya gyara zama ya ce, "Ku yi ta dariyarku. In kwalta ta ɗau zafi, kawalwalniya ta kwanta a kanta, mota mai ruwan toka ba ka ganinta sai ta zo maka hanci. Mai fitila kuwa tun daga nesa ka san da ita. Ku kunna, don Allah. Me zai rage ku?"

"Batir zai rage mu," in ji Mbarek.

Abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai akwai sauran da ya haɗiye. Tun sanyin bara wani hazo ya sauka a idonsa, daidai tsakiyar duk abin da ya kalla. Ciwon suga ya daɗe da shi, ya kuma san inda abin ya dosa, amma ko matarsa Fadma bai gaya wa ba. Yana da 'ya'ya mata biyu a makaranta, kuma ban da sitiyari bai iya komai ba.

Wanda ya gane shi ne Si Hammu, amininsa, wanda suka fara tuƙi shekara ɗaya. Wata la'asar Ba Lahsan ya ɗaga buta sama zai tsiyaya musu shayi, sai shayin ya zuba a faranti, gefen kofi. Hammu ya ja kofin ya tara. Sai da suka rage su biyu ya ce, "Lahsan, tun yaushe?"

"Tun sanyi."

"Ka je asibiti?"

"In na je za su karɓe lasisina. Ka ba ni zuwa kakar dabino, ɗan'uwa, 'yata Zuhra ta gama jarrabawa. Hanyar nan ko ido rufe na san ta. Fitila nake gani ras, motocin ne ke ɓace mini."

 Washegari Hammu ya fita da fitilunsa a kunne. Ya bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, bai faɗa musu dalili ba, ya ce dai dattijo ya roƙi alfarma. Har masu manyan motocin kaya ya tare a gidan mai. Mbarek ma ya kunna, yana mita. Ba Lahsan ya riƙa hango fitilu bibbiyu suna ɓullowa daga cikin hazonsa, kowace ya gani sai ya sa wa mai ita albarka a zuci. Ya fara jin kamar zai kai kakar lafiya.

Ranar kasuwar Risani ce, da hantsi, a kwanar da gonakin dabino suka matso bakin titi. Wata tsohuwa ta fito daga tsakanin itatuwa a kan jakinta za ta tsallaka, ta lulluɓa da baƙin mayafi, inuwa ta rufe su. Fasinjan gaba ne ya yi ihu. Kafin ƙafar Ba Lahsan ta kai birki ya ji karon.

Jakin bai ko shura ba. Tsohuwar, Lalla Itto, tana kwance a gefen titi, ciyawar da ta ɗauko ta watse a kanta, ƙugunta ya karye. Ba Lahsan ya durƙusa kusa da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, a hankali kake tahowa, shi ya sa na shiga. Ba ka gan ni ba ne?"

"Ban gan ki ba, Lalla."

Da jandarmomi, 'yan sandan hanya, suka zo, fasinjoji suka haɗa baki wai jakin ne ya faɗo titi. Ba Lahsan ya ce a'a, idonsa ne, ya miƙa musu lasisin da hannunsa. Hammu, da ya iso a guje, ya tsaya nesa ya dafe kai.

Likita ya duba idon ya ce an makara, sai dai a yi ƙoƙarin tsare ɗan abin da ya rage. Fadma ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Da ni ma za ka ɓoye wa, Lahsan?" Wannan ta fi masa faɗa ciwo. Aka sayar da motar. Zuhra ta ci jarrabawarta, ta kama aiki a wani kantin magani maimakon wucewa jami'a.

Lalla Itto ba ta sake takawa ba. Duk Juma'a Hammu yakan ɗauki Ba Lahsan ya kai shi ƙauyen tsohuwar, da ƙullin sukari da ganyen shayi. Da farko ɗanta Assu ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Ita ce ta tsawatar masa. "Ba ka ga baƙo ba ne? Shimfiɗa masa." Takan sa Ba Lahsan ya zauna kusa da katifarta ta yi ta ba shi labarin jakin, irin taurin kansa da yadda yake satar dabino a mangala, tana dariya har tari ya sarƙe ta. Shi dai sai ya sunkuyar da kai.

Da sanyi ya shigo ta rasu. Ba Lahsan ya bi gawar a bayan mutane, yana laluben ƙasa da ƙafa, don hanyar maƙabartar duk duwatsu ce. Ya yi tuntuɓe sau ɗaya, ya kusa kifawa. Sai ya ji an riƙe masa gwiwar hannu.

"Taka nan, Baba," in ji Assu. "Akwai rami a gabanka."

Haka ya riƙe shi har bakin kabarin.