Tsarabar Suruki

Tun da Safi ta kwance bakin ledar nan gabanta ya faɗi. Surukinta ne ya kawo ta, Malam Alasan, wanda ya sauka daga jirgin ƙasan Paris da hantsi, ɗansa Munzali ya ɗauko shi zuwa gidansu da ke Guillotière, a Lyon. Ba a ma gama gaisuwa ba tsohon ya miƙo tsarabarsa yana murmushi.

"Ɗiyata, ga laimar kwaɗin nan da kuke ce wa champignon. Mijinki ya ce kin iya ɗura mata nama ki gasa. Da hannuna na tsinko ta jiya a kurmi, bayan an ɗauke ruwa."

Ta durƙusa ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta shige madafa.

To, Safi a farmasi take aiki, wato kantin magani. Duk kaka takan ga Faransawa suna shigowa da kwandunansu don mai kantin ya duba musu laimar kwaɗin da suka tsinto, kuma ta san irin wadda yake sa safar hannu kafin ya taɓa. Ita ce wannan. Kanta kore-kore, ƙarƙashinta fari fat, ga zobe a wuya, gindinta cikin 'yar jaka. Guda ɗaya ta isa ta cinye hantar ƙato. Muguntarta kuwa, tana da daɗi a baki, sai ta kwanta a ciki shiru, mutum na ta hirarsa.

Sai a ce ta fita ta faɗa mana. Ai faɗar ce aiki. Shekara shida da aurenta ba ta taɓa haɗa ido da tsohon nan ba, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ita ce yau za ta tsaya a gabansa ta ce ya ɗauko guba tun daga Paris ya kawo wa ɗansa? Munzali kuma bawan Allah ba shi da ciki, kana raɗa masa magana ka same ta a fuskarsa.

Sai ta yi dabara. Ta ƙulle ledar cikin wata leda, ta tura can ƙasan kwandon shara, ta wanke hannu har sau uku. Ta leƙa falo ta ce za ta sayo burodi, ta dawo da manya-manyan laimar kwaɗi farare na kanti ɓoye cikin jaka. Ta cire musu ƙafa, ta yayyanka ƙafafun da albasa da tafarnuwa, ta soya da niƙaƙƙen naman rago, ta barbaɗa yajin da aka aiko mata daga Maradi. Ta ɗura kowace har ta yi tozo, ta rufe da cuku, ta tura tanda. Ƙamshi ya cika gidan.

Ta kai musu, ta koma madafa tana kasa kunne. Tsohon ya ci ya ƙara. Ta sauke ajiyar zuciya, har tana yaba wa kanta: ta tsare rai, ta tsare mutunci, ba wanda ya ji kunya.

"Ɗiyata, zo."

Ta zo ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Allah ya yi miki albarka, kin raba mu gardama. Hajiyarku ta ce ita ba ta dafa abin da ko akuya ba ta ci. Rabi ne na kawo miki, rabin yana can gida Montreuil, gefen Paris. Da na ji ƙamshi sai na buga mata waya, na ce to ga Safi, mai aikin farmasi, ta duba ta sa a wuta. Ta ce in dai Safi ta yarda, shi ke nan, za ta zuba a miyar rana, tun da Lina ta zo da yara."

Lina ƙanwar Munzali ce, 'ya'yanta uku, ƙaramar ko yaye ba a daɗe da yi mata ba.

"Baba, yaushe kuka kira?"

"Tun kafin azahar."

Agogon bango ya kusa buga ƙarfe uku. Ta ɗago kai ta dube shi. Ashe idonsa irin na Munzali ne sak.

"Baba, ba taku na dafa ba. Taku guba ce, tana kisa. Kunya ta hana ni faɗa."

Munzali ya fizgi wayarsa ya kira uwarsa, ya sa a bayyane don kowa ya ji. Tana ta ƙara har ta tsinke. Ya kira Lina, haka nan. Ya sake kiran uwar.

Malam Alasan ya zuba wa farantin da ya share ido. Sannan ya ce:

"Ba za su ɗauka ba. Ni na kafa musu dokar, ba a taɓa waya in ana cin abinci."