Kafin a Manne Rufin Jirgin

Likita ne ya ce aikin hannu zai kwantar wa mijina da hankali bayan ritaya. Da ma ya zo ya gani da idonsa. Tun da Malam ya fara harhaɗa ɗan samfurin jirgin ruwan yaƙin Japan, mai ɗaukar jiragen sama, teburin cin abincinmu ya zama nasa, mu muna ci a cinya.

Yau 'yarmu za ta iso da yaranta, dole jirgin ya koma saman kabad. Amma ba ya ɗaukuwa sai an manne rufinsa, inda jirage ke sauka. Malam ya buɗe gam, ya rufe, ya leƙa taga, ya dawo.

"Malam, manne mana, kafin jikokinka su kai shi bahon wanka."

"In na rufe, shi ke nan. Ba mai sake ganin cikinsa."

"Da can wa ya taɓa gani?"

Na saka tabarau, na sunkuya. Ashe a ciki jirage ne jere, ga ɗigon baƙin mai da Malam ya zana a ƙasa, ga wani bakanike da bai kai ƙwayar shinkafa ba, riƙe da sifana.

"Wannan malalacin ya zubar da mai, ka ƙyale shi?"

Dariya ta ƙwace masa. Ana ƙwanƙwasa ƙofa ya shafa gam, ya ɗora rufin.

"Danne nan, ranki ya daɗe. Su jira."