Ƙwan Ƙoƙi a Jikin Kuɓewa

Sylvanus mutumin Shendam ne, amma a Kakuri ya ƙarar da ƙarfinsa har furfura ta fito masa. A wata masaƙa yake aiki, sashen da ake duba launin atamfa kafin a naɗe ta. Ɗaki biyu suke haya shi da matarsa Scholastica, wadda duk layin ke kira Maman Ruth, saboda 'yarsu guda ɗaya da ke aure a Jos. A bayan ɗakunan akwai ɗan fili, nan Maman Ruth take shuka kuɓewa da yakuwa da kabewa, ta kewaye da lalle. Ita don miya take shuka. Shi kuwa ƙwarin da ke sauka a kan ganyen su ne abin sonsa.

Wani Ba'indiye da suka yi aiki tare shi ya bar masa kyamara lokacin da zai koma ƙasarsu, kuma shi ya nuna masa dabarar: a kwance gilashin gaba, a juya shi baya-gaba, a kara shi a bakin kyamarar, sai ƙaramin abu ya zama ƙato. Sylvanus ya yanko robar tayar keke ya ɗaure gilashin a haka, bai sake kwance shi ba. Duk Lahadi in an taso daga coci sai ya tuɓe rigar fita, ya durƙusa cikin shukar matarsa, ya matsa har hancin kyamarar ya kusa taɓa ganye, ya riƙe numfashi. Ya ɗauki hoton ƙudan zuma ya yi buɗu-buɗu da garin fure a cikin furen kabewa. Ya ɗauki zanzaro yana ɗauke da laka, da idon fara, da raɓa a jikin saƙar gizo-gizo. Maƙwabta suka laƙaba masa Mai Hoton Ƙwari. In an zo ana roƙonsa ya ɗauki bikin suna ko na aure, sai ya yi dariya ya ce kyamararsa ba ta ganin abin da ya fi ɗan yatsa girma.

Malam Lawal, mai shagon hoto a Makera, shi yake wanke masa fim. Tun yana yi masa dariya har ya zama in an kawo fim ɗin Sylvanus shi yake fara tsomawa, don ya ga me aka kamo. Akwai hoton wani malam-buɗe-littafi da ya liƙa a gilashin shagonsa, tsakanin hoton wata amarya da na wani sabon soja.

A daminar 1986 hotunan suka fara fitowa dishi-dishi. Fim ya yi wuyar samu a shekarar, Sylvanus kuwa ya ƙarar da guda biyu bai sami hoto ɗaya na kirki ba. Ya baza hotunan a kan kantar Malam Lawal.

"Malam, ruwan wankinka ya tsufa. Ka ɓata mini aiki."

Malam Lawal ya jawo hotunan wasu mutane ya ajiye a gefe. "Baban Ruth, duba waɗannan. Duk a ruwa ɗaya na wanke, rana ɗaya. Ka ga har zaren hular mutumin nan ana gani."

Sylvanus ya ɗauka ya duba. Bai ga zaren hula ba, hular ma da ƙyar ya gane ta. Amma ya ce, "To nasu ka kula da shi, nawa ka yi masa riƙon sakainar kashi, don ƙwari ne."

"Haba Baban Ruth. Ni ina ganin ka je a duba maka..."

Bai bari ya ƙarasa ba. Ya tattara hotunansa ya hau keke. Fim na gaba sai da ya tsallaka gada ya kai wa wani a cikin gari, hotunan suka fito kamar na baya. Bai gaya wa kowa ba.

Maman Ruth ta riga ta lura. Ta ga ya zuba shayi a gefen kofi. Ta ga a coci yana riƙe da littafin waƙa amma da ka yake rerawa. Ta yi masa magana, ya ce gajiya ce. Sai da ya bar atamfa mai yawa ta wuce da launin da ya karkace, shugaban sashensu ya kira shi ya tura shi gwaji, sannan maganar ta fito fili. Ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Aka tura su asibitin ido a Kano. Likitan ya haska masa fitila a ido ya daɗe yana dubawa, sannan ya juya ga Maman Ruth, kamar ita ce mai ciwon, ya ce sugan ya ci bayan idon, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma sai an yi da gaske. Tabarau ba zai yi magani ba.

Kafin ruwa ya ɗauke masaƙa ta sallame shi. Ya koma zaman gida, a kan benci a bakin ƙofar baya, rediyo a gefensa. Yana gane haske da duhu, yana gane mutum in ya gifta, amma duk abin da ya kafa wa ido sai tsakiyarsa ta zama kamar an shafa toka. Kyamarar tana cikin akwati da fim ɗaya da ya rage. Maman Ruth ta ƙara yawan ƙosan da take soyawa a bakin titi, ta daina sa masa suga a koko, shi kuma ya daina yawan magana.

Wata safiya ta shiga tuge busassun karan kuɓewa don ta yi wuta da su, sai ta tsaya.

"Baban Ruth, wani abu ne manne a jikin karan nan, kamar kumfar sabulu ta bushe."

"Kar ki tuge! Kawo hannuna."

Ta kamo hannunsa ta ɗora. Ya shafa a hankali da kan yatsa, ya ji layi-layin da ke jikinsa. Ya ce ƙwan ƙoƙi ne, wannan koren ƙwaro mai ɗaga hannu kamar mai roƙo. Ya ce shekara da shekaru yana neman ya ga ranar da suke ƙyanƙyashewa bai taɓa dacewa ba. Rabon da ta ji ya yi magana mai tsawo haka tun dawowarsu daga Kano.

"Ke za ki ɗauki hotonsu," in ji shi.

"Ni? Ni da ko zare a allura sai na yi ta fama?"

Ta yi ta ƙi, ya yi ta naci, har ta yarda. Kullum in ta dawo daga suya sai ya fito da kyamarar ba fim, ya sa ta durƙusa gaban ganyen lalle. Ta ce ba ta ganin komai sai hazo. Ya ce ta matsa gaba kaɗan-kaɗan, da jikinta duka, ba da hannu ba, har abin ya fito, sannan ta riƙe numfashi. Gwiwoyinta suna ciwo, shi kuma ba shi da haƙurin koyarwa. Wata rana ya daka mata tsawa, ta ajiye kyamarar a cinyarsa ta ce, "Ga kayanka. Ni ban sa maka ciwo ba." Ta shige ɗaki. Washegari da kanta ta fito da ita.

Ran da ta fara gani sosai, kiyashi ne a kan ganye. Ta ja da baya da sauri. "Yesu! Ashe gashi ne da shi!" Sylvanus ya yi dariya har da tari.

Aka yi makonni karan yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar filin. Wata Talata da hantsi, ta zo zubar da ruwan wanke-wanke, ta ƙwala masa kira. Ya taso yana laluben bango, ya sa fim ɗin da hannu kamar yadda ya saba, ya miƙa mata.

"Gaya mini me kike gani."

"Suna fitowa. Farare, kamar tsakin shinkafa. Suna reto a jikin wani zare. Ga wani ya miƙe ƙafafu... kai, Baban Ruth, har ya ɗaga hannu irin na uwarsa!"

"Matsa. Riƙe numfashi. Danna."

Ya durƙusa kusa da ita ya riƙe gindin karan don kar iska ta kaɗa shi. Yana jin ƙarar kyamarar, yana jin yadda take sauke numfashi bayan kowace dannawa. Can sai ya ji ta daina dannawa.

"Me ya faru?"

"Cinnaku ne. Sun hawo karan. Suna kwashe su."

"Ɗauka! Wannan ma ɗauka!"

"Suna cinye su fa! Ko bushewa ba su yi ba!"

"Maman Ruth, haka abin yake. Danna kawai."

Ba ta danna ba. Ta dire kyamarar a ƙasa, ta shiga kakkaɓe cinnakun da hannu, suna cizonta tana tsaki. Karan ya girgiza, 'ya'yan ƙoƙin suka zube cikin ƙasa inda cinnakun suka fi yawa. Ta ruga ta ɗebo toka ta zuba, amma aikin gama ya gama. 'Yan kaɗan ta gani sun tsallake sun shige cikin lalle. Ta zauna a ƙasa hannuwanta duk sun yi rudu-rudu, ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba a Kano, ba ta yi ba ran da aka sallame shi. Sylvanus ya lalubo kyamarar ya goge mata ƙasa da bakin rigarsa. 

Tare suka kai fim ɗin Makera, tana riƙe da hannunsa. A ƙofar shagon ya tsaya.

"Malam Lawal, na zo ka yafe mini. Ruwanka lafiya lau yake."

"Haba, wallahi ya wuce. Na ji labari, na so in zo, na ji tsoron kar ka ga kamar na zo nuna maka ni ke da gaskiya. Allah ya sawwaƙe. Shigo ka zauna."

Da suka koma karɓa, Malam Lawal ya ce yawancinsu sun girgiza, amma akwai ɗaya. Ya buga shi a takarda mafi girma da yake da ita. Sylvanus ya fita da shi bakin ƙofa inda rana take, ya kawo shi kusa da fuska, ya nisanta shi, ya karkata kai ya duba ta gefen ido. Ya daɗe a haka.

"Malam, gaya mini gaskiya, kar ka duba idon Maman Ruth. Ya fito?"

"Ya fito. Ɗaya ne yana reto a zare, kansa a ƙasa, idonsa baƙi ƙirin. A bayansa ga kan cinnaka ya leƙo. Ban taɓa wanke irinsa ba, har da naka."

Sylvanus ya gyaɗa kai. Ya miƙa wa matarsa hoton ya ce, "Sannu da aiki."

Bayan Kirsimeti suka bar Kakuri, don zaman birni ba albashi ya gagara. Ƙanensa ya gyara musu ɗaki a gida, can Shendam. Malam Lawal ya zo ya taya su ɗora kaya a bayan akori-kura, wanda zai gaji ɗakunan kuwa tuni ya sauke bulo a filin baya, zai yi kejin kaji. Aka sa su biyun a gaba kusa da direba. Motar ta ɗauki hanyar Kachia, ta ratsa wani wuri mai hayaniyar 'yan kamasho da ƙamshin gasasshiyar masara.

"Ina ne nan?" in ji Sylvanus.

"Sabon Tasha," in ji ta.

Ya jingina kansa da ƙofa.