Bayan Kumburin Ya Sauka

Sai da kumburin idona ya sauka na je wurin lauya neman a raba aurena. Ina zan fita da fuskar da mijina ya farfasa, unguwa ta samu abin gulma?

Lauyar ta saurare ni, sannan ta juya fuskata wajen hasken taga.

"Yaya, ba hoto? Ba ki je asibiti ba?"

"Kunya ta hana ni."

Ta ajiye biro. "Zan shigar da ƙara, amma zai musanta. Alƙali shaida yake so, ga shi kin warke sarai."

Wato warkewar ma laifina ce. Na suri jakata.

"Ina zuwa?" in ji ta.

"Gida. Ki tanadi kyamararki, ba ya daɗewa bai sake ba."