Ranar da Malama Ta Tsayar da Uwarta a Ƙofa

Mu ashirin da biyu ne a ajin yaƙi da jahilci, kuma in faɗi gaskiya ba mu da sauƙi. Malamai biyu muka kora da baki kawai. Bayan yaran firamare sun tashi muke shiga ajinsu, mu cusa gwiwoyinmu ƙarƙashin teburan 'yan shekara bakwai, sai hira ta ɓarke. Mai Kitso na cinikin kai ta waya, Matar Direba na ɓarar gyaɗa, ni kuma da yake tela ce ina auna kafaɗar mutane ana tsakiyar darasi.

Sai aka turo mana wata siririyar yarinya, fitowarta ke nan daga kwaleji, gwajin wata uku. In aji ya zauna a ba ta aikin, in bai zauna ba ta bi sahun na baya. Ranar farko ta manna dokoki bakwai a bango. Mu da ba mu iya karatu ba! Sai da ta karanto mana su. Waya a kashe. Ba magana sai an ɗaga hannu. Wadda ta makara ta tsaya a bakin ƙofa minti goma sha biyar, ba a jin uzuri. Mun sha dariya, amma ranar da ta tsayar da Matar Direba, mace mai jikoki huɗu, dariyar ta koma ciki.

Sai dai uwar Malama na cikin ajin. Inna muke ce mata, benci ɗaya muke zama. Ana cikin darasi sai ka ji ta ce Auta, gyara ɗankwalinki, ko ta tambaye ta ko ta ci abinci kafin ta fito. Malama ta yi ta roƙonta ta daina, a banza. Makara kam Inna ba ta taɓa yi ba, mu kuwa, Allah ya yafe mana, ranar muke jira.

Wata Laraba aka fara darasi wurin Inna fayau. Bayan minti goma sai ga ta tana haki, da ƙatuwar jaka a hannu. Matar Direba ta yi gyaran murya har sau biyu, don kada a manta da ita. Wallahi na tausaya wa yarinyar nan. In ta bar uwarta ta shige, gobe dokokin sun zama takardar ƙunshe gyaɗa, aikin kuma ya tafi.

Murya ƙasa-ƙasa Malama ta ce, “Inna, sai ki tsaya.”

“To, Malama,” in ji Inna. Ba mu taɓa jin wannan sunan a bakinta ba.

Ta ajiye jakar tsakanin ƙafafunta ta jingina da ƙyaure. Ciwon gwiwa gare ta, kowa ya sani. Raina ya ɓaci, har na miƙe zan kai mata kujera, Inna ta harare ni na koma na zauna. Malama kuwa rubutunta sai gangarowa yake a allo, kalma ɗaya ta rubuta sau biyu, agogon hannunta ya sha kallo. Can ta ce a karɓi littattafan da ta yi mana maki, ta buɗe jakarta, ta laluba, ta sake lalubawa. Ta ba mu haƙuri, wai ta manto su a gida.

Minti goma sha biyar na cika Inna ta taho tana ɗingishi, ta dire jakar a teburin Malama. Littattafanmu ne, ashirin da biyu cif. Ashe har ta kai titi ta tuna ta gan su a kan tabarma, ta koma.

Ba ta zauna ba. Ta wuce wurin takardar bango, ta ɗora yatsa a layi na biyar. Inna da sai da ta yi wata guda tana kokawa da baƙi uku! Ta fara haɗawa, gaɓa-gaɓa, tana tsayawa tana komawa baya, babu wadda ta taya ta.

“Wad-da ta man-ta lit-ta-fi a gi-da, za ta sha-re a-ji.”

Ta juyo ta ce, “Na karanta daidai, Malama?”

Malama ta ce daidai ne. Da aka tashi babu wadda ta tafi. Muka ɗage ƙafafu Malama tana shara tana goge ido da gefen mayafi, Inna na nuna mata inda ta tsallake ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin bencin Matar Direba.