Bikili a Bakin Injin Rake

Tun daga bakin fadamar Dandamisa, Inuwa ya jiyo kukan injin matse rake, nan take ransa ya ɓaci. Rana ta take tsaka, kuma ko yaro a ƙasar Makarfi ya san ba a barin doki a inji war haka. Da sassafe ake ɗaura shi, hantsi na ɗagawa a kwance shi, a ba shi ruwa da dusa, sai kuma la'asar. Haka mahaifinsu ya koya musu, shi da ƙanensa Lado, kafin ya bar musu gonar da injin da dokin, wani jan doki mai sanyin hali da suke kira Bikili.

Inuwa dai ta'aziyya ya je Ikara ya yi 'yan kwanaki. Yana ba da baya wani ɗan kasuwa daga Zariya ya zo ya hure wa Lado kunne, wai an sami mulkin kai, gari ya cika da ma'aikata, mazarƙwaila ko nawa ce zai kwashe a mota ran kasuwar Makarfi. Gogan naka Lado bai shawarci kowa ba, ya kira gayya aka sare raken gonar kakaf. Shi kuwa rake in an sare ba ya jiran kowa, in ba a matse ba ruwansa tsami yake yi. Sai aikin ya faɗa a wuyan wanda ba shi da bakin cewa ya gaji.

Abin da Inuwa ya tarar ya fi abin da ya zata muni. Bikili na zagaya inji yana jan dogon iccen da ke juya shi, kansa na rinjayarsa, kumfa ta bushe masa a baki. Igiya ta ci ƙirjinsa ta yi gyambo, an barbaɗa toka a kai don kada ido ya gani, ƙudaje kuwa sun gani. Lado na biye da shi da tsumagiya.

"Kai Lado! Tsai da shi!"

"A'a, Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya masu haƙuri?"

"Riƙe gaisuwarka. Yaushe rabon dabbar nan da ruwa?"

Lado ya sosa ƙeya. "In ya sha nauyi yake yi, Yaya. Dubi raken da ya rage."

Inuwa ya ji kamar ya kife shi da mari. Ya fizge tsumagiyar ya karya, ya jefa a wutar da ake dafa ruwan rake, ya shiga kwance wa dokin igiya.

"Kai da kake sahun gaba a masallaci! Ba ka taɓa jin labarin raƙumin da ya kai kuka wurin Manzon Allah ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda mai shi yana wahal da shi yana barinsa da yunwa? Aka kira mai raƙumin aka ce ya ji tsoron Allah. Kana tsammani mallakarka ce? Amana ce, Lado, kuma za a tambaye ka."

"To raken fa? Wahalar shekara ce, har da rabonka da na iyalinka."

"Ya ruɓe! Wallahi ko tsinke ba zai ƙara ja ba. In kana son mazarƙwaila sa ƙirjinka a iccen, ai kai ka ci ka sha."

Ya ja Bikili a hankali zuwa gindin tsamiya, ya wanke masa gyambon da ruwan ɗumi, ya shafa man shanu. Ya kawo ruwa a ƙwarya yana ba shi kaɗan kaɗan. Dokin ya kurɓa, ya durƙusa, ya kwanta, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa. Inuwa ya zauna yana kore masa ƙuda, yana roƙon Allah ya tashi kafaɗunsa. Tulin rake na can a rana yana lalacewa, ko kallonsa bai yi ba.

Can wajen la'asar jikin Lado ya yi sanyi. Ya gwada tura iccen shi kaɗai, bai je ko'ina ba numfashinsa ya ɗauke. Ya ɗebo harawa mai kyau, ya nufo tsamiyar yana sunkuyar da kai.

"Yaya, na yi kuskure. Ga wannan a ba shi."

Jin muryarsa ke da wuya sai Bikili ya zabura. Ya yunƙura ya miƙe, ƙafafunsa na karkarwa, ya kama zagaya tsamiyar. Babu igiya a jikinsa, babu icce, babu mai dukansa. Inuwa ya riƙo wuyansa yana lallashi, dokin ya fizge ya ci gaba da zagaye, har ƙafafun gaba suka lanƙwashe ya faɗi. Bai sake motsi ba.

Harawar ta zube daga hannun Lado. "Yaya, ka yafe mini."

Inuwa ya shafa idon dokin ya rufe, hawaye na zuba, bai ɗago kai ba.

"Ni me ka yi mini? Ga wanda za ka roƙa nan kwance."