Haruffan Jikin Akwatin Sola

Masu gyaran famfon sola na Azare suna da al'ada: a taro, ƙarami ba ya tambaya sai babba ya fara. Babbansu kuwa Malam Jalo ne, wanda ya fara kwance injin ban-ruwa tun kafin a haifi yawancinsu.

Ranar Asabar bayan La'asar aka taru a rumfarsa. Juwairiyya, 'yar ƙaninsa, ita ke kula da shafin ƙungiyar a intanet, inda ake ajiye bayanin haɗa famfo. Ta zauna a bakin tabarma da kwamfuta a cinya.

Ta ce, "Baffa, bayanan nan cike suke da gajerun haruffa, su MPPT, su VFD. Ina so in buɗe shafi guda na ma'anoni, kowa ya riƙa dubawa a wayarsa. Ku faɗa mini waɗanda suke shige muku duhu."

Uzairu, mutumin Yana, ya hau duba farcensa.

Ikrima, abokin aikinsa, ya ce, "Mu dai muna bayan Malam."

Malam Jalo bai san haruffan ba. Akwatin da ke sarrafa wutar famfon ya sani, da launin wayoyinsa da irin kukan da yake yi, kuma bai taɓa cewa "ban sani ba" a gaban yaran da ya koyar ba. Amma a watan jiya famfon wani manomi ya ƙone a Sakwa a hannun Uzairu, don ya karanta shafin ya cinki ma'anar haruffan. Idan ya yi shiru yau, kowa zai yi shiru, yarinya ta tafi da zaton an gane, wani famfon ya sake ƙonewa.

Juwairiyya ta ce, "To, ashe duk kun sani." Ta fara rufe kwamfuta.

Malam Jalo ya yi gyaran murya. "Ke. Buɗe."

Ta buɗe.

"Na farkon nan. Mene ne shi?"

Babu wanda ya ɗaga kai. Ta ce masa shi ne ke tatso wuta daga farantan sola daidai ƙarfin rana, ko ta yi zafi ko hadari ya rufe ta.

Ya ce, "Shi ke nan? To rubuta da Hausa. Kada ya wuce layi biyu, a gona za a karanta."

Tana cikin rubutu Uzairu ya matso. "Malama, na biyun fa?"

Ikrima ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai da ka ce a Kano ka koyo aiki?"

"A Kanon ma haruffan kawai aka nuna mana. Kai ka sani? Faɗi mu ji."

"Ni tambayata tana gaba."

Daga nan bakuna suka buɗe, har ana katse juna. Malam Jalo bai ƙara tambaya ba. Ya dai ja kujerarsa kusa da tabarma, ya karkato kunne.